Ina kuke ajiye murfin rufin mota in kun cire shi?

Sabon_direba: Salam 'yan uwa. Mota ƙirar Jeep Wrangler gare ni mai rufi mai tauri, irin wadda ake cire murafu 2 na gaba. Jiya na cire su na jefa a but haka kawai, kafin in kai gida sai ƙwaram ƙwaram a duk gargada, da na duba fentin ɗaya ya kwarzane a gefe wallahi raina ya ɓaci. Ya kuke yi ne don Allah?

Mai_taya_huɗu: Wa'alaikumus salam. Malam ai akwai jakarsu ta musamman mai shamaki a tsakiya don kada su gogi juna. Ka rufe makullan murfin tukuna kafin ka zura, in ka bar su a buɗe su ne ke yagar jaka su karce ɗaya murfin. Sai ka tsayar da jakar a jikin bayan kujerar baya ka ɗaure ta tamau da bel ɗinta.

Tsohon_hannu: Ni tawa ta hannu na saya ba jaka, tsohon bargo nake naɗe kowanne daban in ɗaure da igiyar roba. Abin da mutane ke mantawa shi ne robar gefen nan mai hana yoyo, in ka ɗora kaya a kai ta lotsa to ranar da aka yi ruwa za ka gane kurenka, a kan gwiwarka zai dinga ɗiga. Kuma kar ka bar murafan a sake, birki ɗaya mai ƙarfi sun taso gaba.

Sabon_direba: Na gode yallaɓai, bari in nemo bargo kafin in samu jakar.