Shirin horar da mata lauyoyi kan shugabanci: yana da amfani ko tara satifiket ne kawai?

Barista_Ƙarama:
Salam ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a aikin. Shekarata biyar da zama lauya, ina aiki a wata chamba (ofishin lauyoyi) mai ɗan girma, to an turo mini fom na wani shiri na wata tara wai na horar da mata lauyoyi kan shugabanci da ci gaban aiki, akwai darasi ta Zoom duk bayan sati biyu, a haɗu ido da ido sau uku, sannan a haɗa kowacce da mento. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari, na taɓa yin irinsa har biyu, kuma wallahi abin da na tsira da shi satifiket ne da hoto da wani gurup na WhatsApp da ya mutu murus bayan wata ɗaya. A ofis kuwa har yau ni ce mai zama rubuta birif, wato takardar hujjojin da ake gabatar wa kotu, har goma na dare, da safe a miƙa wa abokin aikina namiji da muka shigo tare ya je ya tsaya gaban alƙali ya karanto abin da na rubuta, ni ina bayansa rungume da fayil ina miƙa masa takarda. Shin akwai wadda irin wannan shiri ya taɓa canza mata wani abu a zahiri, ko in haƙura in adana lokacina?

Anti_Lauya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi dariya da na karanta zancen gurup ɗin nan, ina da irinsa sun kai shida a waya.

Ni shekarata goma sha tara a aikin, kuma abin da na gano a makare shi ne mento daban, uwar ɗaki ko ubangida daban. Mento zai zauna da ke ya ba ki shawara, ki gyara CV, ki riƙa ɗaga murya a mitin, duk gaskiya ne amma shawara ba ta sa sunanki a kes. Wanda kike buƙata shi ne mutumin da in an rufe ƙofa ana rabon aiki ba kya wajen zai ce "a ba wance, in ta ɓata a tambaye ni". Wannan ya sa mutuncinsa a kanki ne, shi ya sa ba a samunsa da arha.

Bari in ba ki nawa. A shekarata ta bakwai na shiga wani shiri, rabinsa surutu ne gaskiya, amma akwai sharaɗi ɗaya da ya cece ni, dole shugaban ofishinka ya sa hannu cewa kafin a gama zai ba ka shari'a ɗaya ka jagoranta da kanka. Oga na ya sa hannu bai ma karanta ba. Da lokaci ya yi na kai masa takardar na ajiye a teburinsa, ya dube ni ya dubi takardar, ya jawo wani tsohon fayil na rikicin kwangila da kowa ke gudu ya turo mini. Ranar da na fara yi wa shaida tambayoyi hannuna rawa yake har biro ya faɗi ƙasa, magatakarda ya ɗauko mini. Amma mai kamfanin da muke wakilta yana zaune yana kallo, bayan wata huɗu da ya sami wata matsalar ni ya kira kai tsaye, bai bi ta oga ba. Daga ranar aka daina yi mini kallon mai riƙe fayil.

Don haka kafin ki cike fom ɗin ki tambaye su: waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce ina suke yanzu, su ba ki biyu ki kira. Su wa za su zauna a ɗakin, mata juniya irinki kawai ko har da masu rabon aiki da lauyoyin cikin kamfanoni da ke ba da kes? Kuma za a koya miki lissafin chamba, yadda ake cajin aiki da yadda ake kawo kilayan? Don ba a zama patna, wato mai hannun jari a chamba, da iya doka kaɗai, wanda ke kawo aiki shi ake saurara. In suka fara kame-kame, kin sami amsarki.

Malam_Sharia:
Ku yi haƙuri in shigo duk da ni namiji ne. Ni a ganina duk wannan ware mata da ake yi bai da wani amfani, kotu ba ruwanta da mace ko namiji, in kin iya aiki za a gani. Aloma Mukhtar wane shiri ta shiga kafin ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012? Folake Solanke fa da ta zama mace ta farko da ta sami muƙamin Babban Lauyan Najeriya (SAN) a 1981? Aiki suka yi tuƙuru kawai.

Anti_Lauya:
Malam ai kai ka kawo mana hujja da kanka. Me ya sa ka haddace sunayensu da shekarun? Saboda su ne na farko, kuma an daɗe kafin a samu. Ba wanda ya ce ba su iya aiki ba. Sandra Day O'Connor ta gama Stanford a 1952 cikin na gaba-gaba a ajinsu, aikin sakatariya wani ofishin lauyoyi ya yi mata tayi, ita ce kuma ta zama mace ta farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1981. To iyawar ce ba ta da ita a 1952? "Za a gani" ɗin nan, sai an tsayar da mutum a inda ake gani tukuna.

Ummu_Doka:
Anti ta gama magana, ni dai ƙari zan yi ta ɓangaren da na fi bibiya. Matsalar yawancin shirye-shiryen nan sun ɗauka macen ce ke da gyara, a koya mata ƙarfin hali a koya mata magana, alhali ƙofar ce a kulle. Shigowa ba ita ce matsala ba yanzu, a Amurka tun 2016 mata suka fi maza yawa a makarantun koyon lauya, amma kina hawa sama kina ganin suna zubewa. Shi ya sa waɗanda suka fi burge ni su ne masu matsa wa ofisoshin kansu. Misali tsarin Mansfield da aka fara a 2017, an sa masa sunan Arabella Mansfield wadda ta zama lauya mace ta farko a Amurka a 1869, abin da ya nema shi ne in ofis zai naɗa shugabanni ko patna, aƙalla kashi 30 na waɗanda za a duba sunayensu su kasance mata da sauran waɗanda aka saba bari a baya. Ba a ce dole a ɗauke su ba fa, a duba kawai, a kuma rubuta an duba. Ƙungiyar lauyoyi ta duniya IBA ma tana da aikin 50:50 zuwa 2030, wato neman mata da maza su zama rabi da rabi a manyan muƙamai.

Sannan abin da ba a son faɗa a wokshop. Binciken da IBA ta fitar a 2019, mutum kusan 7,000 daga ƙasashe 135 suka amsa, mace ɗaya cikin biyu ta ce an taɓa muzguna mata a wajen aiki, ɗaya cikin uku ta ce an yi mata cin zarafi na neman lalata. Duk shirin da zai yi wata tara bai taɓo wannan ba, bai gaya miki inda za ki kai ƙara da yadda za ki adana hujja ba, to ni ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Haka maganar dawowa daga hutun haihuwa, nan ne da yawanmu muke tarar an raba fayilolinmu kuma ba a dawo da su.

Malam_Sharia, ƙungiyar mata lauyoyi ta duniya FIDA tun 1944 aka kafa ta a Meziko, ba jiya mata suka fara haɗa kai ba.

Malam_Sharia:
To na ji, ban san da alƙaluman nan ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa wasu shirye-shiryen kasuwanci ne kawai.

Ummu_Doka:
A nan kam ba mu da faɗa.

Mai_Sulhu:
Ƴar uwa ni shawarata ta ɗan bambanta. In lokacinki ɗaya ne kuma dole ki zaɓa, ki zuba shi a ƙwarewa da za a neme ki saboda ita. Ni na bar zirga-zirgar kotu na koma sasanta rikicin kasuwanci, na yi kwasakwasan cibiyar horar da masu sasantawa ta CIArb mataki-mataki, kuma a can ne na haɗu da matar da ta fara sa sunana a jerin waɗanda za a zaɓa su sasanta rikici, ba a taron shugabanci ba. A fannin akwai ma alƙawarin da aka ƙaddamar a 2016 na a riƙa sa mata daidai gwargwado a jerin masu sasantawa, ofisoshi da cibiyoyi da yawa sun sa hannu, to kin ga in kina da takardar kina da abin da za ki riƙe su da shi. Ban ce kar ki yi shirin ba, amma kar ya cinye miki daren da za ki yi karatun da zai bambanta ki da wancan abokin aikin naki.

Af, kuma ki daina barin birif ya fita ba sunanki a jiki.

Barista_Ƙarama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na tura musu tambayoyin ɗazu, sun ba ni lambar mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka gama, ta biyun wai sai sun nemi izininta. Maganar sa hannun oga babu ita a tsarinsu, amma na yanke zan rubuta tawa takardar in haɗa da fom ɗin in kai masa ranar Litinin, akwai wani ƙaramin moshin, wato buƙatar da ake gabatar wa kotu, da za a saurara sati mai zuwa wanda ni na rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, shi zan fara roƙa. Anti, in ya ce in bari sai wani karo, in sake tuntuɓarsa ko in bi ta ɗaya patnan?

Anti_Lauya:
Ki ce masa wane karon, ki buɗe dayari a gabansa ki rubuta ranar. Ɗaya patnan ki bar shi sai an saɓa miki sau biyu.