An auna yaron ƙanwata ya faɗa rawaya, an ce ba shi da rabo a abincin tamowa

Maman Ilham, Bolari

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan asibiti da iyayenmu da ke nan ku ba ni haske, raina a jagule yake.

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye gaba da Malam Sidi. Ɗanta na da wata 14, ga kuma ciki wata biyar, kwanika ta yi. Ranar da surukarta ta gane da cikin ta sa aka cire yaron daga nono, aka mayar da shi ɗakinta, wai nonon mai ciki ya lalace. Tun daga nan zawo ya sa shi gaba. Da na je suna garin na ɗauke shi, wallahi sai da gabana ya faɗi. Wuya ya fito, gashin ya yi ja ya yi laushi, yaron da na sani da ƙiriniya sai kallon mutane kawai yake. Abincinsa kunun masara tsararo da safe, tuwo da dare in ya yarda ya ci. Mijin ɗan acaba ne, tun da mai ya tashi abin da yake shigowa da shi bai taka kara ya karya ba, hatsin da suka noma bara kuma ya ƙare.

Na matsa mata ta kai shi asibitin da ke kusa da su. An naɗa masa wannan igiyar awo a damtse ta nuna rawaya, santimita 12. Aka ba ta gishirin zawo da ƙwayar zinc, aka ce ta gyara masa abinci ta dawo bayan sati biyu. A gabanta aka cika wa wata mata leda da abincin tamowa, ita aka ce nata bai kai ba. Ta dawo gida tana kuka. Yanzu wata maƙwabciyarta na zuga ta wai ta ƙyale shi kawai, in ya ƙara ramewa zai faɗa ja a rubuta sunansa. Wata kuma ta ce ta san inda ake sayarwa.

Tambayata: da gaske sai yaro ya kusa mutuwa gwamnati ke ba shi? Ita kuma mai cikin, babu wani tallafi da ake ba irinsu a Gombe? In na samu na saya, akwai laifi?

Anti Nas, Kumo

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki kira ta yau ki ce kar ta kuskura ta saurari maƙwabciyar nan. Yaron da ya faɗa ja garkuwar jikinsa ta karye, zawo ɗaya ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro na iya tafiya da shi kafin ranar rabo ta zagayo.

Ba wulaƙanci aka yi mata ba, ka'idar ce haka. Igiyar ta yara ce daga wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya, matsakaiciya. Sama da haka kore. Abincin nan da muke kira RUTF magani ne na masu ja, ko waɗanda ƙafafunsu biyu suka kumbura. Gyaɗa ce da madarar gari da suga da mai da sinadarai, kowane ƙunshi giram 92, ana ba yaro gwargwadon nauyinsa, duk sati uwa ta dawo a sake awo. Kafin yaro ɗaya ya warke yakan ci kusan katan guda, ƙunshi 150. Da za a raba wa masu rawaya, waɗanda sun ninka masu ja yawa, da kayan ba za su yi sati ba. Shirin ma a nan Gombe da Kebbi aka fara gwada shi a ƙasar nan a 2009 da tallafin UNICEF, kuma har gobe kayan kan yanke.

Abu biyu ta duba a gida. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa biyu ta ƙirga uku. In ta ɗaga wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan ja ne ko me igiya ta nuna, ta kai shi ranar. Haka in ya ƙi cin komai, ko yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko numfashi na yi masa wuya, ko jiki ya saki. Irin wannan gado ake ba shi, ba a jiran sati biyu.

Ita kuwa ƙanwar taki, gaskiya ba buhun abinci ake ba masu ciki ba. Abin da ke akwai a wurin awo yake: ƙwayar ƙarin jini ta kullum, wasu wuraren yanzu sabuwar nan MMS mai sinadarai 15, sai Fansidar na rigakafin zazzaɓi da ake fara sha bayan wata uku, allurar tetanus, da gidan sauro in akwai. Ta je awo kuwa? Ba ki faɗa ba. Ta ce a auna mata damtse ita ma, in bai kai santimita 23 ba tana bukatar kulawa ta musamman. Kar ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jinin da shayi, yana hana ta aiki, kuma in ta ga bayan gida ya yi baƙi kar ta tsorata ta daina. Ta tambayi mai kula da asibitin mazaɓarsu ko ana rajistar GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ta marasa ƙarfi, masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda aka ware wa gurbi. Sannan ta sa kunne ga makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, a nan za a ɗiga masa bitamin A a ba shi maganin tsutsar ciki kyauta.

Baban Sadik, Jekadafari

Maman Ilham, ni maganar saye zan taɓa. Kar ki saya. Duk ƙunshin da kika gani a tiren mai shago, na wani yaro ne da aka rubuta sunansa. Ko uwa ta karɓo ta sayar ta auno masara don sauran 'ya'yanta, ko ya ɓace tun daga sito. Na ga gardi da gemunsa yana shafa shi a burodi wurin mai shayi, yana cewa yana ƙara ƙarfi. Ranar ban san sanda na faɗa masa baƙa ba.

Amma ni laifin uwar da ta sayar kaɗan nake gani. Gidan da yara biyar ke kwana da yunwa ka ba ɗaya abinci mai zaƙi ka ce sauran su zuba ido? Matsalar tsarin ce. Mun iya kashe gobara, ba mu iya hana ta tashi ba. Gombe ta shiga cikin jihohi 12 da Bankin Duniya ya fara sawa a shirin ANRiN na yaƙi da tamowa a 2018, ga kuma asusun UNICEF da in jiha ta zuba naira su ma su ɗora naira a sayo kayan. Duk da haka mai ciki a ƙauye ƙwaya kawai take samu ta haɗiya a kan cikin da babu komai. A tambayi 'yan majalisarmu nawa aka ware wa abincin yara a kasafi, nawa kuma aka saki.

Goggon Yara, Tudun Wada

'Yata, bar su Baban Sadik da 'yan majalisa, yaro ba zai jira kasafi ba. Ki haɗa masa garin Tom Brown da hannunki ki aika. Gwangwani shida na hatsi, gero da dawa da masara in kin samu duka, gwangwani uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙayau, sannan ki soya sama-sama har ƙarnin ya fita. Gyaɗar ki tsince, duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna ki zubar, kar ki ji asara. Ki kai inji a niƙa tare. In za a dama a yi shi da kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba, a dafa shi sosai, a sa cokalin manja ko man gyaɗa. Tsararon kunu ruwa ne kawai ke cika masa ciki. Kaɗan-kaɗan sau biyar a yini, a kwanonsa shi kaɗai, uwar ta zauna ta ba shi. In aka haɗa shi da yayye a kwano ɗaya ba zai samu komai ba. Garin zogale a miya, ƙwai ko sau biyu a sati, wake, awara, ɗan busasshen kifi a daka. Ita ma uwar ta sha kunun, ba na yaro kaɗai ba ne.

Sai maganar surukar. Kar ki je da faɗa, ke baƙuwa ce a gidan, in kin tafi ƙanwarki za ki bari a ciki. Ki kai mata goro da turmin atamfa in da hali, ki ce Inna ga garin jikanki, ke za ki sa ido a riƙa dama masa. Mu ma haka aka gaya mana da, wai nonon ciki na sa zawo. Cirewar rana ɗaya da kunun da ƙuda ya sha ne ke sa shi.

Maman Ilham, Bolari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ta, ta danna ƙafar ba ta lotsa ba, alhamdu lillahi. Awo kuwa ba ta taɓa zuwa ba a wannan cikin, wai kunya take ji a gan ta da goyo da ciki. Mijin ya ce zai kai ta ranar awo mai zuwa. Waken na jiƙa shi. Anti Nas, sati uku ke nan da cire shi, za a iya mayar da shi nonon ko ya wuce?

Anti Nas, Kumo

Ana iya gwadawa in yaron ya karɓa, ciki mai lafiya ba ya hana shayarwa. Sai dai a wata biyar ruwan nonon kan ragu, don haka kar a dogara da shi, kunun ne babba. In ta taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko tana ganin jini, ta bari sai ta faɗa wa ungozomar asibiti ranar awon. Ta tafi da yaron da katinsa a sake naɗa masa igiyar, kar ta jira sati biyun su cika.