Agree, accept, consent, approve: ina bambancinsu?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum malamai. Ina shirin rubuta WAEC, kuma kalmomin nan huɗu suna rikita ni, tunda a wajenmu duk yarda ce. A wane wuri kowacce take zama?

Malamin Turanci, Gwale: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da agree, ita ta fi kayar da ɗalibai, domin 'yar kalmar da ke biye da ita ce ke juya ma'ana. Agree with, ra'ayinka ya zo ɗaya da na wani. Agree to, an kawo maka shawara ko sharaɗi ka ce to. Agree on kuwa sai mutum biyu ko fiye sun tsayar da magana tare, kamar ɗan kasuwa da mai saye a Kantin Kwari: they agreed on the price. Kuma agree aikatau ce da kanta, saboda haka "I am agree" kuskure ne, I agree kawai. Accept karɓa ce, abin da aka karɓa yake bin ta kai tsaye: accept the offer. Kada ka rubuta "he accepted to come", he agreed to come ake cewa. Masu duba takarda ba sa ɗaga ƙafa a nan.

Lauya, Zoo Road: Malam ya yi bayani, bari in ɗora a kan consent. Wannan izini ne daga wanda yake da ikon hanawa. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mai shaidar mallakar fili daga gwamnati ya sayar ko ya jinginar sai da consent na gwamna. To ka ga ko mai saye da mai sayarwa sun yi agree, an biya kuɗi, cinikin bai kammala a idon doka ba. Haka takardar da ake sa wa hannu kafin tiyata: consent to the operation. Akwai kuma assent, wato amincewar da gwamna ke bai wa ƙudurin majalisar jiha don ya zama doka, kuma sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya bayar da ita ko ya ƙi.

Malama, Kabuga: Ƙanena, lura da approve. Idan babu of, amincewa ce a hukumance: the board approved the budget. Da of kuwa, ganin dacewar abu ne a zuci: her father approves of the marriage. Uba zai iya ba da consent alhali bai yi approve of auren ba.

Ɗan Kurna: Allah Ya ƙara ilimi. Malama, to ina concur take shiga?

Malama, Kabuga: Agree ce cikin harshen ofis da kotu. Alƙalin kotun ɗaukaka ƙara da ya goyi bayan hukuncin abokin aikinsa yakan rubuta I concur. A hirar yau da kullum bar ta, ta yi nauyi.