Drake jarumi ne ko ɗan fashin teku mai lasisi?

Baban Ummi: Ni dai maganata ɗaya ce. Duk wanda ya tare jirgin wani a teku ya kwashe kaya ɗan fashi ne, ko da hatimin sarki a aljihunsa.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, akwai bambanci. A wancan zamanin, mai takardar izinin sarki ta kama jirage lokacin yaƙi yake fita, jiragen abokan gaba kaɗai aka halatta masa, kuma sai kotun ganima ta tabbatar da kamun kafin a raba kaya. In aka kama shi, fursunan yaƙi ne. Ɗan fashi kuwa igiya ce rabonsa.

Baban Ummi: To Francis Drake, matuƙin jirgin ruwan Ingila, fa? A Maris 1579 ya kama jirgin Sipaniya a gaɓar Ekwado, ya kwashe azurfa tan 26, ban da zinariya. Ingila da Sipaniya ba su fara yaƙi ba sai 1585. Wace kotu ya je?

Anti Hauwa: Kotun ai Sarauniya Elizabet ce, ta karɓi kasonta. A 1581 ta je har kan jirginsa, Golden Hind, aka naɗa shi Sir. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Malam Sani: Anti, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yawancin azurfar Sipaniya daga dutsen Potosi da ke Bolibiya ta yau take, 'yan ƙasa ake tilasta wa haƙo ta.

Anti Hauwa: Su ya mayar wa? Kafin nan shi da ɗan'uwansa John Hawkins bayi suka kwasa a gaɓar Saliyo. Kar ka wanke min shi, Malam.

Auta: Yayyena, ku bar Drake, ku dubi Kyaftin Kidd. Shi yana da takardar Sarki William na Ingila, wadda ta halatta masa jiragen Faransa. Ya kama Quedagh Merchant a 1698, jirgin na ɗauke da takardar kariyar Faransa, hujjarsa ke nan. Ranar shari'a takardar ta yi ɓatan dabo, aka rataye shi a Landan a 1701. Bayan shekara 200 da 'yan kai aka tsince ta a ma'ajiyar gwamnati.

Malam Sani: Auta, ka tsallake cewa ya kashe mai harba igwarsa da bokiti. Da wannan laifin ma kotu ta same shi.

Baban Ummi: In sana'ar halal ce, me ya sa aka soke ta a Paris a 1856?

Malam Sani: Amurka ai ta ƙi sa hannu. An kira la'asar, Alhaji, in na dawo za mu ɗora.