Nitrite ya ƙi sauka a kududdufin kifin koi

Assalamu alaikum jama'a. Kududdufina a Barnawa lita 6,000 ne, koi tara. Famfo na tura lita 3,000 a awa zuwa durom uku na tace ruwa: buroshi, soso, sai K1 (ƙananan robobin da bakteriya ke zama a kansu) mai samun iska. Sati bakwai ke nan da fara tace ruwan, amoniya (gubar da ke fitowa daga dattin kifi) ta koma 0, amma nitrite (gubar da amoniya ke komawa idan bakteriya sun sarrafa ta) ya tsaya cak a 1 mg/L, kifayen kuma suna taruwa a bakin ruwan da ke zubowa.

Na rage abinci, ina canja kashi 20 na ruwan duk kwana uku, na sa gishiri giram 1 a lita, da ruwan kududdufin kawai nake wanke soso. Ruwan rijiyar burtsatse ne, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 6.3, KH (ma'aunin kabonet da ke hana pH faɗuwa) 2. Wuta tana ɗaukewa awa biyar da daddare.

Ƙarancin KH ne ke hana bakteriyar da ke cinye nitrite kamawa, ko ɗaukewar wutar?