Inshorar lafiya: tsarin wace ƙasa ce zai zauna a Katsina?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Ana ta cewa a Ingila talaka na ganin likita ba ya biyan ko sisi. To wa ke biya? Kuma me ya hana mu yin haka, alhali dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta Najeriya) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya kan kowa?

Ɗan Kofar Sauri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Biya ana yi, ba dai a bakin taga ba. Tun 1948 Ingila ke ɗaukar nauyin NHS, wato tsarin kula da lafiya na gwamnati, da kuɗin haraji. Jamus kuwa tun 1883 daga albashi take yanka: yanzu kashi 14.6 cikin ɗari da ɗan ƙari, ma'aikaci rabi, wanda ya ɗauke shi aiki rabi. Irin na Jamus muka kwaikwaya da NHIS, tsohon tsarin inshorar lafiya na ƙasa da NHIA ta gada, ta fara aiki a 2005, shi ya sa ta tsaya kan masu albashi. Manomin gero a Mai'adua da mai tireda a bakin kasuwa ba su da takardar albashin da za a yanka.

Malam Sada:
Gaskiya ne. Kuma in aka bar wa mutum zaɓi, mai hawan jini da mai ciki ne za su yi rajista, mai lafiya ya ce sai ya kwanta. Asusun da marasa lafiya kaɗai ke zuba wa kuɗi ba ya ɗorewa. Tailan ta gane haka, a 2002 ta ɗauki nauyin duk wanda ba ya cikin wani tsari da kuɗin haraji, majiyyaci ya ba da baht 30 kawai na kuɗin ƙasarsu. Ghana ta ɗora kashi 2.5 kan harajin kaya don inshorar lafiya tun dokar 2003. Mu ma muna da BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, amma bai taka kara ya karya ba in an raba wa cibiyoyin lafiya na mazaɓu.

Anti Binta:
Malam, ku ƙara da yadda kuɗin ke isa asibiti, don nan ne gizo ke saƙar. Ana biyan cibiya ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba. In kuɗin ya yi wata uku bai sauka ba, kantin magani ya bushe, mai kati ya ji "babu, je ka kemis". Sau biyu aka yi masa haka ba zai sabunta ba, kuma zai hana maƙwabcinsa. Ghana ta sha wannan jinkirin har wasu asibitoci suka koma karɓar kuɗi hannu. Ni a ganina, a karɓi na manoma da kaka, lokacin da hatsi ke rumbu, a yi rajistar gida gaba ɗaya ba mutum ɗaya ba, gwamnati ta biya wa marayu da gajiyayyu.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya saka. To Anti, in an yi rajistar gida, mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya nawa zai biya?