Shirin intabiyun manajan injiniyoyi: ina ya kamata in zuba ƙarfina?

Baban Zahra: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara tara ke nan ina rubuta manhaja, biyu daga ciki ina jagorantar mutum shida, ga shi yanzu wani kamfanin fasaha ya gayyace ni intabiyu a kan kujerar manajan injiniyoyi nan da mako huɗu. An ce za a yi zama biyar, kowanne kusan awa guda. Tun ranar da aka kira ni nake ta warware tambayoyin kodin, wato rubuta manhaja, dare da rana, amma hankalina bai kwanta cewa nan ne gaɓar ba. Waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, don Allah ku haska mini.

Kawu Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da kake yi shi na yi a karon farko, kuma shi ya kayar da ni. Na shiga ɗakin da niyyar nuna musu cewa babu wanda ya fi ni iya rubuta manhaja, sai mai tambayar ta ce in ba ta labarin wani ma'aikaci da aikinsa ya yi rauni a ƙarƙashina, da abin da na yi a kai. Na yi ta kewaye-kewaye ina cewa ya kamata shugaba ya zama mai haƙuri da sauraro, ita kuwa tana ta maimaita tambaya guda: wane ne, yaushe, me ka faɗa masa, me ya biyo baya? Ba ni da amsa, domin a gaskiya a lokacin nakan karɓe aikin mai rauni in yi da hannuna cikin dare. Su kuwa mutumin da suke nema shi ne wanda zai ɗauki nauyin aikin da wasu suka yi. Saboda haka ka zauna ka rubuta labarai goma ko sha biyu daga aikinka na gaske: wanda ka ɗauka aiki, wanda ka taimaka aka ƙara masa girma, wanda ka sallama ko ka kusa sallama, saɓaninka da manajan haja (mai tsara abin da manhajar za ta ƙunsa), aikin da ya wuce wa'adi, da ranar da kai ne ka yi kuskure.

Maman Khalifa: Na goyi bayan Kawu, sai dai zan ƙara yadda ake jera labarin. Akwai tsarin da ake kira STAR, wanda Amazon ma ke ba masu neman aiki shawarar bi: ka faɗi halin da ake ciki, da nauyin da ke kanka, da matakin da ka ɗauka, sannan sakamako. Yawancinmu mukan ƙarar da lokaci wajen shimfiɗa, alhali matakin shi ne tsokar. Kuma a nan kunyarmu ta cewa "ni" tana cutar da mu, domin idan ka yi ta cewa "mun yi, mun gyara", mai tambayar ba zai san wane ɓangare ne naka ba. Idan Amazon ne, ka karanta ƙa'idojin shugabancinsu guda 16, waɗanda 14 ne kafin a ƙara biyu a 2021, ka duba wane labari ne ya dace da wace ƙa'ida. A Amazon ɗin, cikin masu tambayarka ma akwai wani daga wajen sashen, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa ba a sassauta ma'auni ba.

Abu Sadik: Malama, ban ƙi maganarku ba, amma kada mu sa Baban Zahra ya saki fasahar gaba ɗaya. Kusan duk manyan kamfanonin nan suna ware zama guda na zayyana tsari, inda za a ce ka tsara, alal misali, manhajar aika saƙo da miliyoyin mutane za su yi amfani da ita. Wanda ya fara zane kafin ya tambayi yawan masu amfani, da yawan bayanan da za a adana, da abin da zai faru idan saba guda, wato babbar kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta mutu, ya riga ya rasa rabin makin. Wasu kamfanonin kuma har yanzu suna gwada kodin ko duba kodin ɗin wani, don haka ka tambayi jami'in ɗaukar ma'aikata kai tsaye abin da kowane zama ya ƙunsa. Ba abin kunya ba ne, aikinsa ke nan.

Kawu Injiniya: Gaskiyarka, Malam. Ni dai da zan raba makonnin nan huɗu, rabi zan ba labarai, mafi yawan saura in ba zayyana tsari, kodin ya samu ragowa.

Maman Khalifa: Wani abin da ya amfane ni shi ne sanin binciken da masu tambayar da kansu suka taso a kai. Google ta taɓa gwada cire manajojin injiniyoyi a 2002, ba a yi wata nawa ba ta mayar da su. Daga baya bincikenta mai suna Project Oxygen ya fitar da halaye takwas na manajan kirki, aka faɗaɗa su zuwa goma, kuma na farko a jerin shi ne iya horar da na ƙasa. Idan aka tambaye ka yadda kake auna ƙwazon tawaga, ka san sanannun ma'aunai huɗu na DORA, wato masu bincike kan yadda ake fitar da manhaja: sau nawa ake fitar da sabon aiki, tsawon lokaci daga rubuta gyara zuwa isarsa ga masu amfani, kaso nawa na gyare-gyaren ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa bayan tangarɗa. Amma kada ka karanto su kamar hadda, ka nuna inda ka taɓa amfani da ɗaya daga ciki da abin da ya sauya.

Abu Sadik: Akwai kuma tambayar da ba ta tsufa: aiki ya makara, shugabanni sun ce a ƙara maka mutane, me za ka yi? Tun 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhaja a IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin sababbin sai an koya musu, kuma hanyoyin tuntuɓa suna ninkuwa. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ka nuna yadda za ka zauna da masu ruwa da tsaki a rage girman aikin, a fitar da mafi muhimmanci tukuna.

Baban Zahra: Allah ya saka muku da alheri. Na fara jera labaran, na samu bakwai, amma na lura babu ko ɗaya da ni ne mai laifi a ciki, kuma na san akwai su. Kawu, idan kana da sarari ranar Asabar, ina roƙon ka yi mini intabiyun gwaji, ka matsa mini kamar yadda matar nan ta matsa maka.

Kawu Injiniya: In sha Allahu ina nan da ƙarfe huɗu. Ka zo da labarin wanda ka kusa sallama, da shi za mu fara.